Ina son sayar da gidana: wane gyara zan fara yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida a Kano, ginin bulo, ɗaki 4 da falo, ya kai shekara 20. Wata 5 ke nan da na ba dillalai. Mutane suna zuwa dubawa amma ba mai dawowa, wanda ya taya ma tayin wulaƙanci ya yi. Na tara 'yan kuɗi, ina tunanin sa tayil da silin POP, in yi sabon fenti. Akwai ɗan haya a ɗaki 2. Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka jingine maganar tayil da POP tukuna. Wanda zai sayi gida mai shekara 20 ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da magininsa ko wani ɗan'uwa da ya san gini, kuma wannan mutumin ba ado ya zo kallo ba. Lissafi yake yi a zuciyarsa na abin da za a kashe bayan an biya, duk abin da ya hango sai ya ninka shi ya zaftare daga farashinka. Aikinka shi ne ka rage masa abin lissafawa. A irin gidajenmu kuwa, yawancin wannan lissafi na ruwa ne: wanda yake zubowa daga sama, wanda yake tasowa daga ƙasa, da wanda ya ƙi fita daga gida.

Fara da rufi. Ka sa kafinta ya shiga cikin silin da rana tsaka, ya duba inda haske yake ratsowa ta kwano. Yoyo ya fi fitowa ta ramin ƙusa da ya buɗe, da mahaɗar kwano biyu, da inda kwano ya haɗu da katangar da aka ɗaga ta ɓoye rufin. Wannan na ƙarshe shi ne mugun wuri, domin ganye da leda da ƙurar hunturu suna toshe indararo, ruwa ya taru ya koma cikin ɗaki. Sau da yawa yashe wurin da sauya kwano biyu ko uku ya wadatar, ba sai an kware rufin duka ba. Tunda yana ciki, ya ƙwanƙwasa katakon da guduma. Wanda gara ta ci yakan yi ƙarar fanko, ya burme in an danna shi da ƙusa. A cire shi, a sa sabo da aka shafa wa maganin gara. Bayan an tabbatar yoyo ya tsaya ne za a sauya allon silin da ya yi tabo. Kada a shafe tabon da fenti kawai, zoben nan mai ruwan ƙasa yana sake ɓullowa ta cikin fentin ruwa cikin 'yan makonni.

Sai gindin bango. Idan fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen gwiwa ko ƙugu, ga wani farin gari kamar gishiri, to danshi ne yake tasowa. Kafin ka taɓa bangon, nemo mai ba shi ruwan: bututun banɗaki da ya tsage a cikin bango, kwatar da ta bi jikin ginin, ko ƙasar waje da aka yi ta cikowa har ta fi daɓen ɗaki tudu. In an toshe wannan, a fasa filastar da ta ruɓe har a wuce iyakar danshin da kamar taƙi ɗaya, a bar bulon ya sha iska, a sake shafe da siminti awo 1 yashi awo 4, a zuba maganin hana ruwa yadda aka rubuta a jikin mazubinsa. Daga nan a jira mako 3 zuwa 4 kafin fenti. Gaggawa a nan ce take ɓata aikin mutane da yawa: a yi filasta ranar Litinin, a yi fenti ranar Alhamis, kafin mai saye ya dawo dubawa ta biyu bangon ya yi dabbare-dabbare.

Tsaga iri biyu ce. Mai sirantaka kamar gashi ta filasta ce, a cike ta a wuce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda take bin layin bulo kamar matakala, har ana iya zura tsinken ashana a ciki, wannan alama ce harsashin ginin ya motsa. Injiniya za ka kira, ba mai fenti ba. Idan gyaran ya fi ƙarfin aljihunka, ka bar ta a fili, ka faɗa, ka rage kuɗi daidai gwargwado. Ɓoye aibi ha'inci ne, kuma a fiƙihu mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka rufe masa. Ban da wannan ma, maginin da ya ga sabon fenti a bango ɗaya tak, nan zai fara ƙwanƙwasawa.

Banɗaki da tsakar gida su ne wuraren da uwargidan mai saye take yanke hukunci, kuma sau tari maganarta ce take zama. A kwashe sokawe in ta kusa cika, a sauya murfinta idan ya tsage. Ka zuba bokiti guda na ruwa a kowane banɗaki da tsakar gida ka tsaya ka gani: ya bi hanyarsa, ko ya kwanta? Inda ya kwanta, a gyara gangaren daɓen. Kan famfo mai ɗiga, abin zaman masai da yake girgiɗi, soket da ya ƙone, ƙofar da sai an sa kafaɗa, duk kayan araha ne, amma kowanne yana gaya wa baƙo cewa ba a kula da gidan. In akwai rijiyar burtsatse, injinta ya kasance yana aiki ranar dubawa, a kunna a gabansa ruwa ya hau tanki. A Kano wannan kaɗai ya fi tayil ɗin falo daraja.

Yanzu ne fenti ya zo. Launi ɗaya mai haske a ko'ina, ruwan madara ko toka-toka marar duhu. A waje kada ka sa fari tas, ƙura za ta tona shi. Ka lissafa bokiti mai lita 20 a kan murabba'in mita 80 zuwa 100 idan shafa biyu za a yi, kuma ka hana mai fenti tsinka shi da ruwa fiye da ƙima. Ƙofar gida ta ƙarfe a kankare tsatsa, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan na mai. Ita da kwatar ƙofar gida su mutum yake fara gani tun bai sauko daga mota ba.

Dalilin hana ka tayil da POP shi ne kuɗinsu ba ya dawowa. Zaɓinka ba lallai ya zama nasa ba, da yawa ma sukan fasa su sa wanda ransu yake so. In akwai tayil a ƙasa, sauya waɗanda suka fashe kawai. Tarkace kuwa, tsofaffin tayoyi, karyayyun kujeru, buhunan da aka jibge a zaure, a fitar da su duka. Ɗaki ya fi girma a ido idan ana ganin kusurwoyinsa huɗu.

Ba ka ambaci takardu ba, kuma mai yiwuwa su ne suka hana mutane dawowa. Idan gidan yana da satifiket ɗin mallaka, wato C of O, ka biya bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara ka riƙe rasit, domin mai saye mai wayo zai je KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, ya bincika fayil ɗin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta amincewar gwamna kafin a mayar da irin wannan mallaka ga wani, don haka ku yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki kuɗin wannan aiki. In takardar ciniki ce kawai a hannunka, ka haɗa ta da ta wanda ya sayar maka, ka tabbatar shaidu da mai unguwa suna nan. Gidan gado kuma sai da takardar rabo da sa hannun duk magada. Bashin wutar lantarki na KEDCO yakan bi mitar gidan ne, ka biya ka nuna shaida.

Ɗan hayan nan ma yana rage maka kasuwa, domin ba mai son ya sayi gida tare da shari'a. Ka duba yarjejeniyarku. In ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka saba a dokar haya shi ne mai biyan shekara a ba shi sanarwar wata 6 a rubuce, mai biyan wata kuma wata 1. Ka zauna da shi cikin mutunci, ko da za ka yafe masa wani abu don ya tashi da wuri. Ɗan hayan da ransa ya ɓaci shi ne zai raka baƙo yana nuna masa inda ruwa yake kwanciya.

Dillalai kuma ka rage su zuwa ɗaya ko biyu, ku tsayar da farashi guda da la'ada a rubuce. Gidan da yake hannun mutum bakwai yakan fito da farashi bakwai, sai mai saye ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Bayan an gama gyara, a ɗauki sababbin hotuna da hantsi, tagogi a buɗe, a ce su goge tsofaffin da suke yawo a WhatsApp. Idan aikin rufi da kwata ya yi kyau, kada ka ji tsoron damina. Ka gayyato mai saye a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya shiga ɗaki-ɗaki ya ɗaga kai ya dubi silin da kansa.