Na saka Windows 11 a tsohuwar laftof, Wi-Fi da sauti sun ɗauke: shin kayan ne suka mutu?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina zaune a unguwar Birni. Na sayi laftof ta hannu a Kasuwar Dole, mai furosesa Core i5-6300U, kuma tana aiki lafiya da Windows 10. Da na ji an daina kula da Windows 10, sai na kai ta wurin wani mai gyara ya goge komai ya saka mini Windows 11, duk da cewa da farko ta ƙi karɓa sai da ya yi mata dabara. Tun daga ranar babu Wi-Fi, babu sauti, rubutun allo ya yi manya-manya, hasken allon kuma ba ya raguwa. Mai gyaran ya ce katin Wi-Fi ne ya ƙone, in kawo kuɗi a canza. Malam, gaskiya ne, ko akwai abin da zan iya yi da kaina?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka biya kuɗin kati tukuna. Abu ne mai wuya a ce katin Wi-Fi da na sauti da na hoto duk sun ƙone a rana ɗaya, kuma ranar ta zama daidai wadda aka goge na'urar. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne direbobinsu ne suka tafi tare da tsohuwar Windows. Direba, wanda za ka gani an rubuta pilote idan Windows ɗinka ta Faransanci ce, ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da kowane ɓangare na na'ura, kuma idan babu ita ɓangaren yana nan da ransa amma babu mai jin yarensa.

Da farko ka san abin da ake nufi da cewa ba a amince da laftof ɗinka ba. Lokacin da Microsoft ta fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, ta shardanta TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, taka kuwa ta zubi na shida ce, kamar yadda lamba 6 ta farkon 6300U ke nunawa. Dabarar da mai gyaran ya yi, wataƙila da manhajar Rufus, ta tsallake wannan binciken ne kawai a bakin ƙofa. Sharaɗin bai ce kayan cikin na'urarka ba su da direba ba. Matsalar ita ce kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ba zai sa shafin Windows 11 domin irin taka ba, shi ya sa mutane ke dubawa su ga wayam, su yanke hukunci cewa babu. Alhali Windows 10 da Windows 11 tsarin direba ɗaya suke bi, don haka direban Windows 10 na 64-bit yakan hau Windows 11 ya yi aiki a mafi yawan lokuta.

Matakin farko shi ne ka sama wa na'urar intanet ba tare da Wi-Fi ba. Ka haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna raba intanet ta USB a cikin saitin wayar. Windows tana da direban wannan tun daga asali. Daga nan ka shiga Windows Update, ka bar ta ta gama nemanta, sannan ka leƙa Options avancées, ka buɗe Mises à jour facultatives, domin a can ake ajiye direbobi da yawa waɗanda ba sa sauka da kansu. Na san forfe yana da tsada, kuma da yawa daga cikinmu mukan kunna Connexion limitée don kada Windows ta cinye shi, to amma ka sani wannan saitin yana hana direbobi saukowa, sai ka kashe shi har ka gama. Sau da yawa a nan rabin matsalar ke ƙarewa.

Abin da ya rage kuma, a nan ne aikin yake, kuma a nan ne na fi so ka natsu. Ka danna maɓallin dama a kan tambarin Windows, ka buɗe Gestionnaire de périphériques. Za ka ga wasu layuka da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, galibi a ƙarƙashin Autres périphériques, da sunaye irin su Contrôleur de réseau ko Périphérique inconnu. Ganin Contrôleur de réseau a wurin albishir ne, domin yana nufin Windows ta ga katin Wi-Fi ɗin, sunansa ne kawai ba ta sani ba. Katin da ya ƙone ƙurmus ba ya amsa kira balle a rubuta shi. Ka buɗe Propriétés, ka karanta lambar kuskuren. Code 28 yana nufin ba a saka direba ba, wanda shi ne mafi sauƙi. Code 10 yana nufin akwai direba amma ɓangaren ya kasa tashi, sau da yawa saboda direban ba nasa ba ne. Code 43 kuwa ɓangaren ne da kansa ya kai ƙarar matsala, kuma shi ne wanda zai iya zama lalacewar kaya, ko da yake shi ma mugun direba yana jawo shi.

Sai ka koma shafin Détails, ka zaɓi Numéros d'identification du matériel. Za ka ga rubutu mai kama da PCI\VEN_8086&DEV_ da wasu haruffa huɗu a bayansa. Wannan shi ne ainihin sunan yanka na ɓangaren. Haruffa huɗu na bayan VEN suna faɗin kamfanin da ya ƙera shi: 8086 Intel ce, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Atheros, 10DE NVIDIA, 1002 kuma AMD. Na bayan DEV suna faɗin samfurin. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne laftof biyu masu suna ɗaya a jikin murfi suna iya ɗaukar katin Wi-Fi daban-daban, balle kayan hannu da suka ratsa Kano ko Kwatano kafin su iso mana, waɗanda ba ka san hannu nawa ya buɗe su ya sauya wani abu ba. Ka kwafi lambar, ka neme ta a shafin Microsoft Update Catalog, ko ka yi amfani da ita ka gane wanne daga cikin direbobin Windows 10 da ke shafin kamfanin laftof ɗinka ne naka.

Wajen sakawa, ka fara da direban chipset, wato ɓangaren da ke haɗa furosesa da sauran kayan na'ura, sannan na hoto, sannan na Wi-Fi, sauti ya zo daga baya, kana sake kunna na'urar bayan kowanne domin idan wani ya ɓata abu ka san ko wanne ne. Manyan rubutu da hasken da ba ya raguwa ciwo ɗaya ne: idan ka duba ƙarƙashin Cartes graphiques za ka tarar an rubuta Carte vidéo de base Microsoft maimakon Intel HD Graphics 520, wanda shi ne ke cikin furosesarka. Kada ka raina wannan, domin muddin babu direban hoto na gaskiya, furosesa ce ke ɗaukar nauyin kowane bidiyo ita kaɗai, fanka ta yi ta kuka, batir ya zube da wuri, kuma a zafin Afrilu na Damagaram da ke haura digiri 40 wannan azaba ce ga tsohuwar na'ura. Game da sauti da wurin shafa yatsa da maɓallan Fn, na kamfanin laftof ɗin ya fi dacewa, saboda kowane kamfani yana da yadda ya haɗa lasifika da maɓallansa.

Wani lokaci fayil ɗin sakawa zai ce wannan Windows ba tasa ba ce, ya rufe. Fayil ɗin ne ke gardama, direban da ke cikinsa bai san da zancen ba. Ka warware shi da 7-Zip, manhajar buɗe ƙunsassun fayiloli, cikin wata jaka, ka koma kan ɓangaren a Gestionnaire de périphériques, ka zaɓi Mettre à jour le pilote, ka ɗauki zaɓi na biyu na nema a cikin kwamfuta, ka nuna masa jakar. Windows za ta karanta fayil mai ƙarewa da .inf, idan lambar ɓangarenka na ciki ta saka shi.

Akwai manhajojin da ke yawo a kile USB na masu gyara, waɗanda ake cewa danna ɗaya suna saka dukkan direbobi. Ni ba na ba da shawararsu. Wasunsu suna shigo da tallace-tallace da manhajojin da ba ka nema ba, kuma idan suka saka direba talatin a lokaci guda allo ya yi shuɗi, babu yadda za ka gane mai laifi. Haka nan duk wanda ya ce ka kashe binciken sa hannun direbobi domin wani fayil da ba ka san asalinsa ba ya shiga, ka ƙi, domin direba yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows inda yake iya taɓa komai.

To idan babu alamar katin Wi-Fi ko kaɗan a jerin fa? Ka shiga BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga da zarar an kunna ta kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kashe shi a can ba. Idan a kunne yake, ka saka Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda tsarin tafiyar da kwamfuta ne daban da Windows, a kile USB, ka tayar da na'urar daga kai ba tare da ka girka komai ba. Idan Wi-Fi ya kama a can, magana ta ƙare, katin lafiyarsa lau. Idan bai kama ba, ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci -nn, wanda zai jero kayan da lambobinsu. Katin Broadcom yakan bayyana a jerin amma ya buƙaci ƙarin direba. Sai idan a nan ma bai fito ba ne mai gyara ke da hujja, kuma ko a lokacin a fara zare katin a share ƙurar hunturu a mayar, a duba ƴan wayoyin eriya guda biyu. Idan ya tabbata ya mutu, ƙaramin Wi-Fi na USB ya ishe ka karatu, kuma ya fi aminci, domin BIOS na wasu tsofaffin laftof yana ƙin katin da ba ya cikin jerin kamfaninsu.

Ka kuma san inda ka tsaya. Gaskiya ne tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana tafiya daidai a kan furosesa irin taka, musamman idan akwai SSD da RAM giga 8. Sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin sabuntawa ga na'urorin da ba su cika sharaɗi ba, kuma sabon zubi na shekara-shekara ba ya zuwa musu da kansa, ga shi kowane zubi na Home da Pro wata 24 ake kula da shi. Ke nan wata rana za ka sake girkawa da hannu. Saboda haka ranar da komai ya daidaita, ka sa kile USB, ka ƙirƙiri jaka mai suna direbobi a ciki, ka buɗe Terminal da ikon administrateur, ka rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi, kana sauya E da harafin da kile ɗinka ya samu. Zai kwafe dukkan direbobin da ka tara zuwa cikin jakar, kuma idan aka sake goge na'urar, ita za ka nuna wa Windows ba tare da ka sake sayen forfe ba.