Bindigar .22 da ta cinye mini sa

Ka ce kawunka yana son ƙaramar bindiga .22 mai sauƙin kuɗi saboda gyazbi da zabin daji sun addabi gonarsa ta fadama, har ya turo maka hoton wata mai ƙota tana sheƙi da madubin saiti a samanta, yana tambaya ko ya biya. Ajiye wayar nan tukuna ka zauna. Da wani ne ya kawo mini tambayar hoto da tuni na sallame shi, amma ƙotar nan mai sheƙi ta tono mini wani abu da har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Maganar takarda gajeriya ce. A dokar makamai ta 1959, irin wannan bindiga lasisinta daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ba kamar adaka ba da Kwamishinan jiha ke ba wa izini, kuma a 2023 an sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Kawunka ya fara zuwa hedikwata ya ji inda maganar ta kwana. In babu takarda, ko ba ta hannun dillali mai rajista za ta fito ba, kada ka shigo mini da ita shago, ko kallonta ba zan yi ba. Yadda ake duba ko da harsashi a ciki da inda ake juya bakin bindiga kuwa, in har yanzu sai na koya maka, to zaman banza ka yi a gabana.

In takarda ta samu, ya nemi mai sakata, wadda ake ja da hannu a fitar da kwanso a tura sabon harsashi. Ku yaran yanzu idonku na kan mai sarrafa kanta, irin Ruger 10/22 da Amurkawa ke yi tun 1964, ko Marlin 60, don kun ga ana ɓarin wuta da su a bidiyo. Bindigogi ne masu kyau a ƙasarsu. A nan kuwa, hunturu ɗaya ya isa. Harsashin .22 dalma ne da aka shafe da kakin zuma ko makamancinsa, albarushinsa yana barin dauɗa, ƙura ta zo ta haɗu da su ta zama kamar kwaɓin ƙasa, sai ka ga bindiga ta harba biyu ta cije a na uku. Mai sakata ba ruwanta, hannunka ne injinta. Uwarsu duka a wajena ita ce Brno Model 2 ta Cekoslobakiya, wadda daga baya ta koma CZ 452, yanzu jikarta CZ 457 ce a kasuwa tun 2019. In aljihu bai kai ba, akwai JW-15 ta Norinco, wadda 'yan Sin suka kwaikwayi Brno ɗin. Aikinta da kaushi, sakatarta sai ka goge ta kafin ta yi santsi, amma da yawansu suna harbi daidai. Tsofaffin BSA na Ingila da TOZ-8 ta Rasha mai cin harsashi ɗaya su ma ba abin rainawa ba ne, in cikinsu lafiya.

In cikinsu lafiya. A nan aka yanke ni.

Tun ba a haife ka ba, akwai wani dattijo manomin shinkafa, mutum mai kamala, wanda tun zamanin maigidana mu ke gyara masa bindigarsa mai baki biyu. Ya ce in na ji labarin .22 mai kyau in duba masa, duk abin da na ce shi ke nan. Ana nan sai ga wani mutum, tsohon ma'aikacin wani kamfani, fes da shi cikin shadda, ya zo gab da magariba da Brno Model 2 naɗe cikin bargo. Ya ce ta wani Bature ce da ya yi wa aiki, ya bar masa da zai koma gida, ko kwali goma na harsashi ba ta ci ba. Takardu ya shimfiɗa mini, na duba lamba da lamba, babu inda suka saɓa. Ƙota kuwa sai ka ga fuskarka a jiki. Na ja sakata, ta tafi sumul, na taɓa kunama, ta saki tsaf. Da na ɗaga bututun ga haske sai na ga an cika shi da giris maƙil. Ya ce ai Baturen ne ya koya masa haka don kada tsatsa ta shiga, kuma shi sauri yake, gobe da asuba zai yi tafiya, akwai ma wani da ya riga ya taya.

Sandar goge bututu tana jingine a bayana, ko taku biyu ba ta kai ba. Aikin minti biyar ne. Sai aka kira salla, mutumin ya riga ni shimfiɗa buzu, muka yi jam'i kafaɗa da kafaɗa, bayan sallama ya daɗe yana jan carbi. Na ji kunyar in ce wa mutum irin wannan bari in wanke in gani, kamar na ce ƙarya yake. Na aika wa dattijon nan cewa na samu, kuma na tsaya mata. Aka bi hanyar da doka ta ce, aka sauya suna, aka biya.

Kwana tara sai ga dattijon da kansa, ba aike ba. Ya ajiye bindigar a kan teburin nan da kake gani, ya ajiye wani kwalin sabulu kusa da ita. Taku hamsin ya auna, ya harba biyar. Bindigar da ya kamata ta tara su wuri ɗaya, a rufe su da murfin kwalba, ta watsa su faɗin kwalin, biyu ma ramukansu dogaye ne, alamar harsashin a kaikaice ya isa. Kuma duk harbi sai ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓaro kwanso. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, kai ka ce ka duba."

A gabansa na zare sakata, na wanke giris ɗin da kananzir, na naɗa ƙyalle a sanda ya kama sosai, na tura daga baya. Tana tafiya da nauyi, da nauyi, sai da ta kusa baki, saura kamar yatsu huɗu, na ji ta faɗa fayau kamar an taka rami, sannan ta sake kamawa. Hannuna ya gaya mini kafin idona. Na ɗaga ga rana, ga baƙin zobe nan ya kewaye ciki, daga nan zuwa baki kuma tsagar da ke murɗa harsashi duk ta ci tsatsa. Bututu ya kumbura ke nan. Abin da ke kawo shi ɗaya ne, a harba alhali wani abu ya toshe hanya, iska ta matse a tsakani ta buɗa ƙarfen. A .22 sau da yawa ba ka ganin komai daga waje, ko ka shafa ba za ka ji tudu ba. Daga baya yaron gidan mutumin ya faɗa mini yadda aka yi: shekara da shekaru tana rataye a bango ba a rufe bakinta ba, zanzaro ya shiga ya yi gininsa na laka, ɗan mai gidan ya ɗauka ya harba a haka.

Kwanson da ke maƙalewa kuma ciwo ne na biyu, shi ma da na duba da na gani. Ka san wannan harsashi ba shi da ƙwayar tashin wuta a tsakiya, maganin yana cikin leɓen gindin kwanso ne, allura gefe take duka, shi ya sa ma ba a sake ɗura kwansonsa. To in yara suna wasa da tsohuwar bindiga suna ɗanawa suna saki babu harsashi, allurar ƙarfen bakin ɗakin harsashi take sara, har ta tayar da ɗan tudu ya leƙo ciki. Kwanso ya kumbura bayan harbi, tudun ya riƙe shi, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta zame. Wannan ina iya gyarawa, na sha gyarawa. Zoben ne ba shi da magani. Wani ya ce in yanke bututun daga bayan zoben, na ce ba ni rage tsawon bindigar da hukuma ta rubuta a takarda, ba da hannuna ba. Sabon bututu kuma daga ina?

Na tafi gidan mutumin. Tafiyar asuba ashe babu ita, yana zaune a ƙofar gida yana shan shayi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ni ban san kan bindiga ba, kai ne gwani, kai ka duba ka ce ta yi. An saya an sayar." A gaban mutane ya faɗi haka. Muka je wurin mai unguwa, aka tambaye ni ko mun yi sharaɗin gwaji, ko akwai shaida. Babu. Wanda ya cika bututu da giris ya san abin da yake rufewa, ko zai rantse da me. Ina da sa guda da nake turke da shi tun bayan girbi, da niyyar in sayar da shi gab da babbar salla in rufa ɗakin uwar 'ya'yana da kwano. Shi na kai kara na sayar ba lokacinsa ba, na cika da kuɗin aljihu, na kai wa dattijon nan kuɗinsa cif. Ya karɓa, ya yi godiya, ya sa mini albarka. Amma mai baki biyun nan tasa ba ta sake shigowa shagon nan ba har ya rasu, wani gari yake kai ta. Kuɗin san nan na mayar da shi a shekara biyu. Yardar dattijon kuwa ban mayar ba. Na bar mutumin da Allah, amma ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa.

Don haka ka gaya wa kawunka, duk bindigar da zai saya da rana tsaka za a kawo ta, a wanke bututu tas a gabansa, a tura ƙyalle mai kamawa a ji tafiyarsa daga farko har ƙarshe. A duba bakin ɗakin harsashi inda allura ke sauka. A duba bakin bututu ta gaba, domin masu goge bindiga ta gaba da sandar ƙarfe suna cinye shi, kuma nan ne harsashi ke yin sallama da bindiga, in ya lalace ta gefe ɗaya komai ya tafi. Sannan a harba goma a taku hamsin kafin a ƙirga ko sisi. Mai sayarwar da ya ce sauri yake, a buɗe masa ƙofa.

Madubin da ke kan ta hoton kada ya ƙara ko kwabo a kansa. Irin na araha ne da ke sauya saiti in an ɗora shi a babur an bi hanyar gona. Brno tana zuwa da saitin ƙarfe mai lamba daga mita 25 har 200, ya fi ƙarfin abin da kawunka zai yi. Kuɗin madubin ya sayi harsashi iri biyu ko uku ya gwada, domin kowace .22 tana da wanda take so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Mai nauyin giren 40 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) mai matsakaicin gudu, wanda bai kai gudun sauti ba, yawanci ya fi taruwa wuri ɗaya, kuma ƙararsa kaɗan ce. Ya tabbata an rubuta .22 LR a jikin bututu, wato Long Rifle, harsashin da ake yi tun 1887 kuma ya fi kowanne araha a duniya. In ya ga WMR ko .17 HMR, wasu iri ne daban, harsashinsu ya fi tsada kuma ba sa musanya da juna. Kada ya riƙa zuba harsashi tsirara a aljihun riga, kakin yana narkewa da zafi ya kwashi yashi, yashin kuma cikin bututu zai bi.

Abin da ya fi damuna da samarin yanzu shi ne raina ta da kuke yi don ba ta dukan kafaɗa, kuna ce mata bindigar yara. In an saita ta a mita 50, kafin ta kai 100 harsashin ya sauka kusan taƙi guda, shi ya sa ba ta gada ba ce balle barewa, sai dai ka raunata dabba ta je ta mutu a daji, ka ɗauki alhaki. Amma harsashin da ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma a kan ruwa tsalle yake yi kamar an jefa tsakuwa. Gonar kawunka fadama ce, ƙetaren ruwa akwai makiyaya, akwai yara masu korar tsuntsu. Ka faɗa masa da bakina, ba ya harbi sai ya ga tudu ko ƙasa a bayan abin da ya saita.

In ya samu wadda yake so kuma takardunta sun cika, ku kawo ta ranar Asabar da hantsi. Kai za ka tura sandar, ni ina tsaye, ina so hannunka ya san yadda lafiyayyen bututu yake. Yanzu tashi ka ɗauko mini kananzir da tsumman nan, mai baki biyun da aka kawo jiya tana jira.