Tambaya da Amsa: Ɗan Tseren da Ya Tsaya wa Agwagi

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mun yi musu da ƙanena. Ya ce wai an taɓa samun ɗan tseren kwale-kwale da ya tsaya cak ana tsakiyar gasar Olamfik don agwagi su wuce, kuma duk da haka ya zo na ɗaya. Ni na ce tatsuniya ce. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

AMSA: Yawwa, sai ka je ka ba ƙanenka haƙuri, shi ke da gaskiya. Mutumin shi ne Bobby Pearce, ɗan ƙasar Ostareliya, haifaffen birnin Sidni a 1905. Tuƙi gadonsa ne, don mahaifinsa ma zakara ne a ruwa.

Abin ya faru a Olamfik ta 1928 a Amsterdam, ƙasar Holan, a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na tseren mutum ɗaya, mita 2,000. Ka san mai irin wannan tuƙi baya yake ba inda ya dosa, ba ya ganin gabansa. Ihun 'yan kallo ne ya sa ya waiwaya, sai ga agwagwa da 'ya'yanta sun jero suna tsallakawa. Ya dakatar da filafilansa har suka wuce. Abokin karawarsa, Bafaranshe mai suna Saurin, ya yi gaba abinsa. Sai dai sunan bai yi masa rana ba: Pearce ya kamo shi, ya wuce, ya ba shi ratar kusan daƙiƙa 30. A karon ƙarshe ya doke Ba'amurke Kenneth Myers ya ɗauki zinare, ya kuma maimaita a Los Angeles a 1932.

Ni fa ba agwagin ne ke tsaya mini a rai ba. Akwai wata tsohuwar gasa mai daraja a Henley, ƙasar Ingila, wadda a lokacin dokarta ta hana masu aikin hannu shiga. Pearce kafinta ne, don haka aka rufe masa ƙofa. Ka ji fa, mutumin da babu mai kamo shi a ruwa, zarto da guduma ne suka zama laifinsa! Sai da ya je Hamilton ta Kanada ya ci gasar ƙasashen daular Birtaniya a 1930, ya zauna can, ya samu aikin tallar hajar wani kamfanin barasa, sannan aka ga ya isa. A 1931 ya je Henley ya lashe kofin da aka hana shi nema.

A 1933 ya koma tseren kuɗi, ya doke Ted Phelps na Ingila a Toronto ya zama zakaran duniya. A Kanada ya ƙarasa rayuwarsa, ya rasu a 1976.