Ɗan shekara 9 da ciwon sukari a zafin Marwa

Hajiya, kin tambaya ko alewa ce ta jawo wa ɗanki ciwon sukari, da kuma yadda za ki adana insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ba firji.

Ba laifin alewa ba ne. A irin na yara, garkuwar jiki ce ke afka wa ƙwayoyin da ke samar da insulin, shi ya sa allura ta zama dole, jiƙo ba zai maye gurbinta ba.

Maganar zafi kuwa, binciken ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Jeniba na 2021 ya nuna kwalbar insulin da aka buɗe tana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Amma zafin Marwa yakan wuce digiri 40 a Afrilu, don haka ki sa kwalbar a leda, ki tusa ta cikin jiƙaƙƙen yashi a randa, a inuwa.