Kafin Buhari ya hau mulki a 1983

Malam, ka tambayi abin da Buhari ya yi a soja kafin juyin mulkin 1983. A nan Daura aka haife shi a 1942, ya yi sakandare a Katsina, sannan ya samu horon hafsanci a Kaduna da Ingila. Da shi aka yi yaƙin basasa. Murtala ya naɗa shi gwamnan Jihar Arewa Maso Gabas a 1975, Obasanjo kuma ya ba shi ma'aikatar man fetur.

Amma a ganina, abin da ya ɗaga sunansa shi ne rikicin Chadi. Yana kwamandan rundunar Jos sojojin Chadi suka mamaye tsibiranmu a Tafkin Chadi. Ya fatattake su, har ya bi su cikin ƙasarsu. Allah ya jiƙansa.