Baƙin littafin da ka ce ya tsufa

Wai yau kai ne kake tambayata amfanin baƙin littafin nan. Ka ce, "Maigida, tunda an mayar da sabunta katin zaman baƙi 'yan ƙasar waje kan intanet, kuma takardun baƙin duk suna cikin wayata, me ya sa sai na rubuta da biro har na sa mutum ya sa hannu?" Wata bakwai kacal da babanka ya kawo ka ofishin nan, har ka fara yi wa littafina kallon tsohon yayi. Ajiye wayar, ka ja kujera.

Cike fom da manna hoto ba zan ɓata yawuna a kansu ba, ɗan acaɓan da ke kai ka ofishin imigireshin ma ya iya. Baƙon da ya shigo da bizar STR, wato ta mai zuwa aiki, yana da kwana 90 ya daidaita zamansa ya karɓi CERPAC, katin izinin zama da aiki, wanga ko a barci aka tashe ka ya kamata ka faɗa. In ba ka sani ba, koma kasuwa ka sayar da katin waya.

A ƙarshen 2018 ina riƙe da fayil na wani kamfani mai haƙar zinare can wajen Anka. 'Yan China huɗu, katinsu zai ƙare a farkon sabuwar shekara. Manajansu ɗan ƙasarmu ne, bakinmu ɗaya da shi, in ya shigo Gusau sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Ya kawo mini kuɗin mutum huɗu a kan tsohon farashi, dala 1,000 kowane kai. Kafin in gama haɗa takardu, a watan Disamba gwamnati ta ninka kuɗin ya koma dala 2,000. Na buga masa waya. Ya ce, "Haba Alhaji, tsakanina da kai? Cika kawai, masu gidan suna daji, da sun sayar da kaya zan kawo maka har da na goro."

Dala a lokacin wajen naira 360 take a hannun 'yan canji. Yi lissafi da wayar taka mai wayo: dala 4,000, naira miliyan 1 da dubu 440. Ba ni da su a ajiye. Filina na Damba na sayar, wanda na yi niyyar gina wa babban ɗana ɗaki biyu in ya tashi aure. Cikin gaggawa na sayar, mai saye ya ga idona ya yi mini tayin wulaƙanci, na sallama. Na biya a banki, na bi hanyar Tsafe da Funtuwa har Abuja sau biyu, a kwanakin da in ka fito lafiya sai an yi maka barka. Hedikwatar da ke Sauka na yini a kan benci da ruwan leda ɗaya. Aiki ya fito tsaf, ba a taɓa dawo mini da fayil ba, tambayi kowa.

Ranar da direban kamfanin ya zo karɓa, ana kiran magariba. Na zuba fasfo huɗu da rasit na asali duka cikin ambulan na miƙa masa, na tafi alwala. Littafin yana kan teburin nan, buɗe. Ban rubuta ba, bai sa hannu ba, ko fotokwafi ban yi ba don babu wuta kuma na ji ƙyashin tayar da janareto saboda takarda takwas.

Janairu ya ce Fabrairu. Fabrairu ya ce bari a gama zaɓe. Ranar 7 ga Afrilu 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, aka ba baƙi sa'a 48 su bar wuraren haƙa. Kafin in ɗaura takalmi mutanen sun yi Abuja, daga can ban sake jin ɗuriyarsu ba. Manaja kuwa da na tare shi a gidansa, ya dube ni ido cikin ido ya ce wane ciko? Kamfani ya biya komai, ga rasit. Ya fito da rasit ɗin da na miƙa wa direbansa da hannuna. Sunan ɗan China ne a kai da sunan kamfani, sunana ko na rantsuwa babu, domin banki sunan mai kati yake rubutawa, ba ruwansa da wanda ya sayar da fili. Dattawan unguwa suka zauna, suka ce ina shaidarka? Na ce Allah. Suka ce to a bar wa Allah. Daga baya tafintansu ya tsegunta mini cewa tun Janairu 'yan Chinan suka ba shi cikon, a gabansa aka ƙirga. A watan Disamba 2024 aka ɗage haramcin, ka san wa na fara gani da sabuwar Hilux yana neman mai yi masa takardu? Har hannu ya miƙo mini.

Ku yaran yanzu kun ɗauka hoto a waya shaida ne. Wayar da ake fizgewa a tasha, ko ta faɗa kwata, ko ku sayar don an fito da sabuwa. Kuma ko tana nan, hoton fasfo cewa yake ka taɓa ganin fasfo, ba ya cewa wa ya kawo, wa ya karɓa, yaushe, nawa ya ba ka, nawa ya rage. Fasfon mutum in ya ɓace a hannunka, ofishin jakadancinsa da hukuma kai za su riƙe. Saboda haka duk abin da ya ƙetare ƙofar nan, shiga ko fita, layi guda ne a littafi: kwanan wata, lambar fasfo, abin da aka bayar, sa hannun mai karɓa da lambar wayarsa. Direba ne, manaja ne, surukina ne, sai ya sa. Wanda bai iya rubutu ba ga tawada, ya dangwala.

Sai ranakun nan uku da nake sa ka rubuta da jan biro a bangon kowane fayil, kana ta turo baki. Ƙarewar fasfo, ƙarewar kati, ƙarewar kota. Ta ukun ita ce ke kayar da ƙananan ejan. Kota izini ne da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke ba kamfani na gurbin aiki kaza ga baƙi, kuma kati a kanta yake tsaye. In ta mutu, ko ka kai fom da ruwan zinare ba a sabunta maka, kuma sabunta kota ba aikin mako ɗaya ba ne. Haka rahoton wata-wata na baƙin da ke kan kota, ka tsallake wata uku ka ga yadda jami'i zai ɗaga gira. Wanda ya bar aiki a rubuta a cire shi, kar gurbinsa ya zauna da sunan wanda yake Guangzhou yana shan shayi. Tun 2025 kuma an sa tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya wuce wa'adi. In sakacinka ya jawo, ba aljihuna za a taɓa ba, na riga na yi nawa.

Kuɗinka kuwa kar ka cika wa kowa, ko da Alƙur'ani ya dafa. In dole ta kama, wasiƙa a kan takardar kamfani mai hatimi, da sa hannun mai kamfanin kansa, ba na ɗan aikensa ba.

Buɗe tsohon littafin can na saman kabad, wajen ƙarshen Disamba 2018, za ka ga layi huɗu da na bari fari. In ka gama kallo, ɗauko fayil ɗin injiniyan Indiyan nan na kamfanin casar shinkafa, fasfonsa saura wata biyar, ƙasa da shidan da ake buƙata ke nan, kuma na san ba ka kira shi ba.