Jaririn roba ɗaya gare mu, zai isa koyarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar jinya a Marwa, ƙasar Kamaru. An sa ni cikin horon koyarwa da kwaikwayon jinya, wato gwada aikin jinya a kan mutum-mutumin roba, rabi ta intanet, rabi ido da ido a Garwa. Jaririn roba ɗaya tal gare mu, ga rezon intanet sai a hankali. Anya ba wahalar banza nake ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Rezo ba abin damuwa ba ne. Ki sauke darussan da daddare, ki karanta a natse. Rabin intanet na karatu ne da koyon tsara labarin mara lafiya, aikin hannu kuwa sai kin je Garwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: malaman da suka ɗauka kwaikwayo shi ne nuni. Malami ya tsaya gaban ɗalibai, ya matsa jakar hura wa jariri iska sau biyu, a gyaɗa kai, a sa hannu a takarda, a mayar da jaririn cikin kabad sai ranar da baƙi za su zo. Wai an yi horo! To wa ya koya? Jaririyar roba mai suna NeoNatalie, da shirin koyar da taimaka wa jarirai numfashi na Helping Babies Breathe ke amfani da ita tun 2010, ruwa ake cika ta da shi don ta yi nauyin sabon haihuwa, ƙirjinta kuma ba ya tashi sai abin rufe hanci da baki ya zauna daidai. Na sha ganin ɗaliba tana ta matsa jaka, iska na fita ta gefen kumatu, haɓar jariri a sunkuye, ita ko ba ta sani ba. A ɗakin haihuwa daƙiƙa 60 gare ta ta fara taimaka wa jariri ya yi numfashi. In ba ta yi wannan kuskuren a gabanki ba, a kan ɗan wata mata za ta yi shi.

Saboda haka kada ki ƙwace mata jakar, kada ki daka mata tsawa. Ki bari ta gama, ku zauna, ki ce: "Na ga ƙirji bai tashi ba, me kike tunani a lokacin?" Wannan zaman shi ne ainihin abin da za a koya miki, kuma shi malamai suka fi tsallakewa.

Masu kafa hujja da binciken NCSBN, majalisar hukumomin kula da aikin jinya ta Amurka, na 2014, cewa kwaikwayo na iya maye har rabin sa'o'in asibiti, su karanta sharaɗin: sai da horarrun malamai da wannan zaman bita. Batun jaririn roba ɗaya kuwa, ki raba ajinki biyar-biyar, kowace ɗaliba ta riƙe jakar da hannunta har ƙirjin ya tashi.